Kashi 62 a Kemistiri: na yi wa 'yata faɗa ba da hakkinta ba

'Yan'uwa iyaye, musamman mu da ke zaune a Ingila da yara a sakandare, akwai abin da ya daɗe yana cin raina, yau dai bari in amayar da shi.

Lokacin da 'yata ke shekarar ƙarshe ta GCSE, wato jarabawar kammala sakandare a Ingila, wadda darajojinta ke sauka daga 9 mafi girma zuwa 1, ta kawo mini sakamakon jarabawar gwaji. Kemistiri ta ci maki 124 cikin 200. Na buga lissafi a waya, ya ba ni kashi 62 cikin 100, nan take raina ya ɓaci. Ni da na taso a kan cewa A1 daga 75 take farawa, C6 daga 50, ƙasa da 40 kuma F9 ce, sai na ga C4 a gabana. Na ce mata wanda ke son karatun likita ba ya kawo irin wannan gida. Ta ce, "Baba, malamarmu ta ce wannan 7 ce." Ban saurare ta ba. Ta shige ɗaki tana kuka, ni kuma ina ganin tarbiyya nake yi. Sai ranar ganawar iyaye da malamai aka buɗe mini jadawalin makin shekarun baya, na ga yarinyar gaskiya ta faɗa. 7 kuwa ita ce daidai da A ta tsohon tsari. Har yau in na tuna daren nan sai in ji nauyi a ƙirjina.

A nan ba a yanke iyakar maki kafin jarabawa. Hukumomin jarabawa irin su AQA da Edexcel da OCR sai sun gama duba takardu kakaf, sannan su zauna su ce daga maki kaza 9 ta fara, daga kaza 7, daga kaza 4. Suna duba ƙwazon wannan rukunin ɗalibai tun daga jarabawarsu ta ƙarshen firamare, manyan masu duba takardu kuma su gwada amsoshin bana da na bara. In takardar bana ta yi tsauri, iyakar ta sauko. In ta yi sauƙi, ta hau. Ba kuma a fitar da jadawalin sai ranar Alhamis ɗin Agusta da sakamako ke fitowa. Ofqual, hukumar da ke sa ido a kansu, ita ke tabbatar da cewa 7 ta bana da 7 ta bara nauyinsu ɗaya.

To me ya sa iyakar makin Kemistiri ke zama ƙasa haka, har wasu ke cewa ai banza ce ta faɗi? Saboda takarda iri biyu ce, kowane yaro ɗaya yake rubutawa. Akwai ƙaramar, wadda komai ƙoƙarin yaro ba zai wuce 5 ba, akwai babbar, mai kaiwa 9. Fiye da rabin tambayoyin babbar an tsara su ne don a rarrabe masu neman 6 zuwa 9, saboda haka mai neman 4 tun farko an san yawancin tambayoyin sun fi ƙarfinsa. Haka Lissafi yake. A 2017, shekarar da aka fara tsarin 9 zuwa 1, wanda ya ci kashi 17 cikin 100 a babbar takardar Lissafi ta Edexcel ya samu 4, jaridu suka yi ta kururuwa wai ilimi ya mutu. Tarihi da Ingilishi kuwa takarda ɗaya ce ga kowa, daga na gaba a aji har na baya, kuma dogon rubutu ake yi, mai dubawa na auna shi da matakai. A Kemistiri in ka kuskure ma'auni a lissafin sinadari, makin amsar ƙarshe ya tafi, sai dai na matakan aikin da ka yi daidai. Ka ga kenan ɗora kashi 62 na wannan kusa da kashi 62 na wancan kamar auna gero da mudu ne a auna manja da kwalba, sannan a ce wanne ya fi yawa.

Akwai kuma masu kawo wata hujjar: ai sama da kashi 40 cikin 100 na masu rubuta Kemistiri zalla a GCSE suna samun 7 zuwa sama, alhali in an haɗa duka darussa abin bai kai kashi 25 ba. Gaskiya ne. Amma su wa ke rubuta ta? Yawancin yara kimiyyar haɗe suke yi, wadda ke ba da daraja biyu. Waɗanda makarantu ke ware wa Bayoloji da Kemistiri da Fizis daban-daban galibi su ne na gaba-gaba a aji. In ka tara zakaru a wuri ɗaya, ba abin mamaki ba ne cara ta yi yawa.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne A-level, jarabawar da ke bin bayan GCSE wadda ake neman gurbin jami'a da ita. Tun 2008 masu bincike a Jami'ar Durham suka nuna cewa ɗalibai masu ƙwazo iri ɗaya a GCSE sukan fito da daraja mafi ƙasa a Kemistiri da Fizis fiye da a wasu darussan. Ofqual ta yi shekaru tana nazarin maganar, a Nuwamban 2018 ta ce ba za ta sassauta ba, hujjar ba ta kai ba. Amma a 2019 ta sassauta wa Faransanci da Jamusanci a GCSE. Na san hujjarsu, cewa wuyar darasi ba abu ne da alƙaluma kaɗai za su auna ba, akwai koyarwa, akwai sha'awar ɗalibi. Duk da haka ban gamsu ba. Yawancin makarantun likitanci suna neman Kemistiri, kuma A uku suke so ko fiye. Yaron da ya samu B a Kemistiri, mai yiwuwa da wani darasin ya ɗauka da A zai samu, amma takardar neman gurbi ba ta da wurin rubuta wannan bayanin. Ɗan mai hali zai ɗauki malamin gida ya cike giɓin. Ɗan direban tasi ko mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi, irin yawancinmu, shi ke kwana a ciki.

Abin da nake roƙo a wurinmu iyaye bai da yawa. Kafin ka buɗe baki a kan makin yaro, tambaye shi wace hukuma ce, ƙaramar takarda ce ko babbar, sannan ka shiga shafin hukumar a intanet, jadawalin shekarun baya yana nan kyauta. Kada kuma ka janye yarinya daga Kemistiri don ka ga 60 a nan, 75 a Tarihi.

Ni dai washegarin ganawar nan na kira 'yata falo a gaban mahaifiyarta na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komai, Baba." Amma sai da aka yi makonni kafin ta sake nuna mini takardar gwajinta da kanta.