Bakinmu ne ke kai su bayan kemis

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun watan Yunin 2022, da kotun ƙolin Amurka ta soke hukuncin nan na 1973 da ya ba mata damar zubar da ciki, ake ta kai ruwa rana a kan maganar, har mu nan muna tofa albarkacin bakinmu. To mu dokarmu ba ta da ruɗani. A Arewacin Najeriya laifi ne a zubar da ciki sai in don a ceci ran uwa, ɗaurin kuma yana iya kai shekara 14. Amma duk wanda ya san unguwa ya san ana yi.

Wani dare cikin damina aka buga mana ƙofa, maƙwabciyarmu ce, wai a taimaka mata da mota. 'Yarta mai shekara 17 muka ɗauko, zani biyu sun jiƙe sharkaf da jini, hannunta sanyi ƙalau. Uwar tana ta maimaita mini cewa zazzaɓi ne. A asibiti malamar jinya ta kalle ta, ta ce, "Mama, ki ji tsoron Allah ki faɗa mini me aka ba ta, kada mu rasa ta." Sai da ta sunkuyar da kai kafin ta ce wani mai kemis ne ya haɗa musu maganin zubar da ciki. Leda uku na jini aka ƙara wa yarinyar.

Ba na sassauta hukunci, wallahi. Hadisin Ibn Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya nuna ana busa rai bayan kwana 120, kuma daga nan malamai sun haɗu a kan haramcin zubar da cikin. Malamanmu na Malikiyya, irin su Imam Dardir, sun hana taɓa cikin ko bai kai kwana 40 ba. Suratut Takwir ta gaya mana za a tambayi jaririyar da aka binne da rai, da wane laifi aka kashe ta.

Amma mu tuna matar nan Bagamidiya da ta je wurin Manzon Allah (SAW) da cikin zina, ta kai kanta. Ya ce ta koma sai ta haihu. Ta dawo da jinjiri naɗe a tsumma, ya ce ta je ta shayar da shi har yaye. Ta sake dawowa, yaron yana riƙe da gutsuren gurasa a hannu, sannan aka damƙa shi ga wani Musulmi ya rene shi. Da Khalid ɗan Walid ya zage ta wurin haddi, Annabi ya tsawata masa, ya yabi tubanta, ya kuma yi mata salla da kansa. Dubi yadda aka kiyaye ran yaron nan shekaru, ba wanda ya ce a kawar da shi don a rufa asiri.

Mu fa? In yarinya ta yi ciki ba aure, a majalisa za a yi da ita, a gidan biki a yi mata habaici, yaron kuma ya tashi ana masa gori da abin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ni kaina na sha zama ana irin wannan hira ban hana ba, ina neman gafarar Allah.

Iyaye mata, in abin ya riga ya faru, kada a gyara saɓo da kisan kai. Masu kemis, kuɗin nan ba za su tsaya muku gaban Allah ba. Wadda kuma jini ya ɓalle mata, a garzaya da ita asibiti a faɗi gaskiya tun daga bakin ƙofa.

Bayan an sallamo maƙwabtan nan namu daga asibiti, uwar ta shigo yi mana godiya, tana kuka ta ce, "Malam, bakin mutane na ji tsoro." Yarinyar tana nan a gida, ko islamiyya ta daina zuwa. Wanda ya yi mata cikin kuwa bara aka ɗaura masa aure, unguwa ta cika da 'yan taya murna.