Hali zanen dutse, rubutu ma haka

'Yan uwa, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kalmar "write" da Turawan Ingila suke kiran rubutu da ita, a tsohon harshensu "writan" ce, kuma ma'anarta ta farko ita ce a karce itace ko dutse da abu mai kaifi. Haka "scribere" ta Latin, wadda ta haifi "script", da "graphein" ta Girkanci, dukkansu daga karcewa suka faro, domin mutanen wancan zamani ba su san rubutun da ba ya barin tabo a jikin abin da aka yi shi ba.

Wadda ta fi ɗaukar hankalina ita ce "character". A wurin Girkawa sunan ƙarfen da ake buga tambari da shi a jikin kuɗi ne, sannan ta zama sunan tambarin kansa, daga baya ta koma harafi, har a ƙarshe Turawa suka kira halin mutum da ita. Bahaushe bai jira Girkawa ba da ya ce hali zanen dutse ne. Addini kuwa ya fayyace mana yadda ake yin zanen: Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa idan bawa ya yi zunubi ana ɗiga baƙin ɗigo a zuciyarsa, idan ya daina ya nemi gafara sai a wanke ta, idan kuwa ya koma sai ɗigon ya ƙaru har ya rufe zuciyar.

To, yau rubutu ya yi mana sauƙi har mun raina shi. Mutum zai ci mutuncin ɗan uwansa a Facebook, ko ya tura ƙazafi a zauren WhatsApp, idan hayaniya ta tashi sai ya goge, ya ɗauka magana ta ƙare. Ya manta da Suratul Infiɗar, aya ta 10 zuwa ta 12, inda Allah Ya sanar da mu cewa akwai masu tsaro a kanmu, marubuta masu daraja, waɗanda suke sane da abin da muke aikatawa.

Wanda ya san ya ɓata sunan wani da yatsansa, gogewa ba ta isar masa, domin haƙƙin bawa ne ya rataya a wuyansa. Ya tuba ga Allah, ya nemi yafiyar wanda ya zalunta, kuma ya koma zauren da ya watsa ƙaryar ya janye ta a gaban waɗanda suka karanta.