Tsadar albasa ce ta haifi kasuwar Pike Place

Gaskiya wani rahoto da na karanta ya tsaya kan masu sayar da kifi da ke cilla wa juna kifi da 'yan yawon buɗe ido a kasuwar Pike Place ta birnin Seattle a Amurka, kamar su ne tarihin kasuwar, to ba nan gizo ke saƙar ba. Tsadar albasa ce fa ta haife ta, dillalai sun tare tsakani suna saye da arha wajen manomi su tsawwala wa mutanen gari, shi ne a watan Agusta na 1907 aka ba manoma wuri suka zo da keken doki suna sayarwa da kansu, kafin rana ta take kayan duk sun ƙare. Abin da ya fi min ciwo ko sau ɗaya ba a ambaci manoma 'yan asalin Japan ba, alhali su suka fi yawa a rumfunan kafin gwamnatin Amurka ta kwashe su zuwa sansanonin tsare mutane a 1942, rumfuna suka zama wayam, kasuwar ta daɗe tana jan ƙafa. Kai kuma malam da ka yi sharhi kan rahoton ka ce wai gara a rushe kasuwar a yi babban kanti, an taɓa yunƙurin rushe ta, mutanen garin suka fito ƙuri'a a 1971 suka hana. A kanti wa zai miƙo maka karas da ƙasa a farcensa ya ce jiya ya tono shi? Don Allah marubucin rahoton ka faɗa mana, manoma nawa suka rage a rumfunan yau?