Kujerar Kakakin Majalisar Wakilai ba ta Villa ba ce

Duk lokacin da aka zo maganar Majalisar Wakilai, hoton da ke fara zuwa min a rai shi ne na ranar 20 ga Nuwamba 2014, ranar da 'yan sanda suka garƙame ƙofar majalisa suka hana kakakin majalisar na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, shiga bayan ya bar PDP ya koma APC. Manyan mutane da manyan riguna, kowa ya tattare tasa a kafaɗa yana haura gate, hula na faɗuwa, ga barkonon tsohuwa ya turnuƙe ko'ina, amma a haka suka shiga da kakakinsu. Wasu sun ce abin kunya ne, ni kam a wurina ranar ce majalisar ta nuna tana da rai.

Majalisar nan ta daɗe. Bature ne ma, Frederic Metcalfe, ya fara zama kakaki, sannan Jaja Wachuku ya karɓa a 1959, sai Ibrahim Jalo Waziri na Gombe daga 1960 har juyin mulkin 1966. Kuma duk sanda soja suka karɓi mulki ita ake fara rufewa, alƙalai suna nan, ma'aikatu suna nan, majalisa ce kawai ke tafiya. Shi yasa har yau ba ta yi ƙwarin da ya kamata ba.

Toh amma a duba daga 1999 zuwa yau, abin a fili yake. Salisu Buhari bai yi wata biyu ba ya sauka saboda takardar jami'ar Toronto ta bogi, sai aka ɗora Ghali Umar Na'Abba, Allah ya jiƙansa, wanda a watan Agusta 2002 majalisarsa ta ba Obasanjo mako biyu ya sauka ko a tsige shi. Ba a tsige shi ɗin ba, kuma Na'Abba ya rasa kujerarsa ta Birnin Kano a 2003, amma dai shugaban ƙasa ya san akwai mai taka masa birki. A 2011 PDP ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola, 'yan majalisa suka ce sam, suka ba Tambuwal ƙuri'a 252 ita ta samu 90. A 2015 APC na son Femi Gbajabiamila, Yakubu Dogara ya kayar da shi da 182 da 174, tazarar ƙuri'a takwas kacal.

Ban ce waɗancan majalisun waliyyai ba ne. A zamanin Tambuwal ne kwamitin Farouk Lawan ya bankaɗo badaƙalar tallafin mai a 2012, kuma shi Farouk ɗin dai kotu ta ɗaure shi a 2021 kan karɓar dala 500,000 na cin hanci a kan wannan binciken. Abin takaici ne ƙwarai. Sai dai duk da haka binciken an yi shi, rahoto ya fito, talaka ya ji yadda ake wawure kuɗinsa, majalisar da ke jiran umarni daga sama kuwa ko fara shi ba za ta yi ba.

Yanzu fa? A ranar 13 ga Yuni 2023 Tajudeen Abbas na Zariya ya samu ƙuri'a 353 cikin 359, bayan jam'iyya ta riga ta sanar da sunansa tun kafin a rantsar da kowa. Ba ni da matsala da shi a kan kansa, mutum ne mai ilimi da natsuwa, hanyar ce ke damuna, domin sashe na 50 na kundin tsarin mulki cewa ya yi 'yan majalisa su zaɓi kakaki da mataimakinsa daga cikinsu, bai ambaci jam'iyya ko fadar shugaban ƙasa ba. Wanda ya ba ka kujera kuwa da wuya ka iya kallon idonsa ka ce masa a'a, kuma shi kakaki shi ke raba shugabancin kwamitoci, shi ke nuna wanda zai yi magana, don haka idan ya sunkuya kusan kowa ya sunkuya.

Mun ga hakan a watan Mayun 2024 da aka dawo da tsohon taken ƙasa, karatu na ɗaya da na biyu da na uku duk a yini guda, a lokacin da mutane ke kuka da tsadar abinci. Mun sake gani a watan Maris 2025 kan dokar ta-ɓaci a jihar Ribas. Sashe na 305 ya ce sai kashi biyu cikin uku sun amince, wato mutum 240 cikin 360, amma aka yi ƙuri'ar murya, masu eh su ce eh, aka buga guduma shikenan. Dan Allah da wane kunne ake ƙirga mutum 240? Ni har yau ban san ɓangaren da ɗan majalisar mazaɓata ya bi ba a ranar, kuma haƙƙina ne in sani kafin ya dawo neman ƙuri'ata a 2027.