Kambun marasa nauyi na New Japan ya zama abin wasa a hannun masu shi

A ranar 5 ga Yulin 2024 Douki ya kayar da El Desperado ya karɓe kambun IWGP na ajin marasa nauyi na kamfanin kokawa na New Japan da ke Jafan, kwana 19 kacal bayan shi Desperado ya ƙwato shi daga hannun SHO a cikin keji. Wannan ne karo na huɗu da kambun ya sauya hannu cikin wata shida: Desperado ya karɓe shi daga Hiromu Takahashi a ranar 4 ga Janairu, SHO ya ƙwace a Fabrairu, Desperado ya dawo da abinsa a Yuni, sai kuma ga Douki. Ba ni da wata jayayya da Douki, mutumin da ya share shekaru yana cin ƙwaƙwa a ƙananan filayen kokawa na Meziko kafin a san da zamansa a gida. Jayayyata da masu tsara wasannin kamfanin New Japan ce, domin duk mai bibiyar kokawar zamani ya san cewa tun kafin a hau dandali aka yanke wanda zai ci, saboda haka idan kambu ya zama kamar hular aro, yau a kan wannan gobe a kan wancan, ofis ne ya ga dama ya mai da shi haka.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne duk wannan ya zo ne ana tsakiyar tafi da guɗa. A ranar 9 ga Yuni, a babban taron Dominion na birnin Osaka, wasan ƙarshe na gasar shekara-shekara ta marasa nauyi, wato Best of the Super Juniors, tsakanin Desperado da Taiji Ishimori shi aka rufe taro da shi, aka tura wasan kambun duniya na masu nauyi, na Jon Moxley da EVIL, ya zo kafinsa. Aka yi ta murna cewa an karrama ƙaramin aji. Amma a daren da aka ce na marasa nauyi ne, kambunsu ba ya cikin abin da ake takara a kai, mai riƙe da shi ma ba ya cikin wasan. Gasa aka karrama, aka bar kambun a gefe, sannan wanda ya lashe gasar, wato Desperado, bai yi mako uku da kambun a ƙugunsa ba aka karɓe. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Tushen wannan riƙon sakainar kashi tunani ne da ya daɗe a kamfanin, kuma masu kallo da yawa sun haɗiye shi ba tare da sun tauna ba: wai ajin da aka kayyade wa kilo 100 makaranta ce, wadda duk ɗalibin kirki zai gama ya wuce, kuma babbar karramawar da za a yi wa zakaran wannan aji ita ce a fitar da shi daga cikinsa. Wannan tunani ya girmi kambun kansa. Tatsumi Fujinami ya ci kambun marasa nauyi na WWF, kamfanin kokawar Amurka da yanzu ake kira WWE, a Madison Square Garden da ke New York a Janairun 1978, ya kawo shi Jafan ya yi masa suna, amma a ƙarshen 1981 ya ajiye shi ya koma ajin masu nauyi, inda daga baya ya zama zakara har sau shida. Tun daga nan aka shata hanyar da ake bi har yau.

Sai dai masu wannan ra'ayi suna tsallake abin da ya biyo bayan tafiyar Fujinami. Satoru Sayama, sanye da fuskar damisa da sunan Tiger Mask, ya fara fitowa a Afrilun 1981 a karawarsa da Dynamite Kid ɗan Ingila, kuma cikin shekara biyu da 'yan watanni, kafin ya bar kamfanin a 1983, ya jawo yara da iyayensu gaban talabijin a daren Juma'a a lokacin da Antonio Inoki, mai kamfanin, yake kan ganiyarsa. Sayama bai taɓa komawa babban aji ba, kuma babu wanda ya isa ya ce bai cika ɗan kokawa ba saboda haka. Da dangantaka ta yanke tsakanin New Japan da WWF a 1985, kamfanin bai iya zama babu kambun wannan aji ba, shi ya sa ya ƙirƙiri nasa, wanda Shiro Koshinaka ya fara ɗauka a ranar 6 ga Fabrairun 1986 bayan ya doke The Cobra. Kasuwa ce ta tilasta a yi kambun, babu wanda ya yi shi don tausayin gajeru.

Idan ana son a ga abin da wannan kambu yake iya zama in an riƙe shi da mutunci, a dubi Jushin Thunder Liger. Sau 11 ya ɗauke shi, kuma har yau babu wanda ya kamo shi, amma ni ba yawan ne ya fi burge ni ba. A ranar 4 ga Janairun 1993 ya karɓe shi daga Último Dragón, ya riƙe shi kwana 628, kuma babu wanda ya kayar da shi, karayar idon sawu ce ta sa ya ajiye a 1994. A cikin wannan riƙo ne aka yi gasar Super J-Cup ta Afrilun 1994 a zauren Ryogoku, wadda Liger ya kawo shawararta, aka tara marasa nauyi daga kamfanoni daban-daban a dare guda, babu ƙato ko ɗaya a cikin jerin wasannin, kuma har gobe ana lissafa daren cikin mafiya kyau a tarihin kokawar. Bayan shekara biyu, a Agustan 1996, aka haɗa kambuna takwas wuri guda da sunan J-Crown, The Great Sasuke ya lashe su duka. Wannan haɗaka ta watse a ƙarshen 1997 da WWF ta nemi a mayar mata da nata, kuma a ganina dama can ta fi ƙarfin ɗan Adam, domin babu mai iya kare kambu takwas da gaske. Duk da haka ta nuna inda cibiyar wannan salon kokawa take a duniya a wancan zamani, kuma ta kasance a can ne saboda mutum ɗaya ya ƙi tafiya, kamfani kuma ya bar kambun ya daɗe a hannunsa har ya yi nauyi.

Ko a zamanin Liger ɗin ma an yi wa kambun wulaƙanci. A Nuwamban 1999, a shirin Nitro na kamfanin WCW a Amurka, Juventud Guerrera ya rotsa wa Liger kwalbar giya a ka ya tafi da kambun, abin da ya ba New Japan kunya har ta yi shekaru ba ta sa wannan nasara cikin lissafinta ba. Wancan baƙi ne suka yi, a gidansu. Na 2024 'yan gida ne.

A shekarun baya-bayan nan ficewar ta zama al'ada da ba a ko ɓoyewa. Kenny Omega ya rasa kambun a hannun Kushida a ranar 4 ga Janairun 2016, washegari ya juya wa AJ Styles baya a gaban jama'a, ya ɗauki makirufo ya sanar cewa shi ya gama da ƙaramin aji, kamar wanda ya tuɓe rigar da ta matse shi. Kota Ibushi ya riga shi tafiya. Shingo Takagi ya shigo a 2018, aka bar shi ya tattake kowa a ajin ba tare da an kayar da shi ba har zuwa wasan ƙarshe na gasar Best of the Super Juniors ta 2019, inda Will Ospreay ya tsayar da shi, daga nan ya wuce sama, Ospreay kuma ya bi bayansa a 2020. Da aka ƙirƙiri sabon kambun duniya na masu nauyi a 2021, mutum uku na farko da suka riƙe shi su ne Ibushi da Ospreay da Takagi. Masu kare kamfanin suna kawo wannan a matsayin shaidar cewa ajin yana yaye gwanaye. Ni abin da nake gani shi ne ajin da ake raina shi ne yake ciyar da wanda ake girmamawa, kuma duk lokacin da aka ɗauke gwani ɗaya, waɗanda ya bari sun zama mutanen da aka kayar aka tafi aka bar su, babu damar ramuwa. Maganar kilo 100 ɗin ma ta fatar baki ce, tunda nauyin da kamfani yake sanarwa na Ibushi bai kai hakan ba a ranar da ya zama zakaran masu nauyi.

Akwai masu cewa ƙattai ne suke cika zaure, wanda kuma ya faɗi haka bai kalli abin da ya faru a Nippon Budokan a Disamban 2020 ba. A wasan ƙarshe na gasar wannan shekara, Hiromu ya kama abin rufe fuskar Desperado ya yage shi har rabin fuskar ya bayyana. A al'adar masu rufe fuska wannan babban cin mutunci ne, kuma abin da aka saba gani shi ne mutum ya dafe fuska ya nemi mafaka. Desperado ya miƙe tsaye, ya sa hannu ya cire ragowar da kansa ya yar, ya fuskanci abokin karawarsa da fuska a buɗe suka ci gaba da dukan juna. A lokacin an hana 'yan kallo ihu saboda annobar korona, tafi kawai aka yarda da shi, amma sai da aka ji zauren ya ɗauki sowa. Wannan shi ne mutumin da aka ba kambu na kwana 19. Wasu kuma suna ganin a soke rabe-raben nauyi baki ɗaya, kamar yadda WWE ta narkar da nata kambun marasa nauyi cikin wani a Janairun 2022, sai dai kamfanin da bai taɓa sanin abin da zai yi da ajin ba shi ne na ƙarshe da za a nemi darasi a wurinsa.

Hiromu ne ya fi ba ni tausayi a wannan lamari. Ya karya wuya a Yulin 2018 a San Francisco yana kare wannan kambu a gaban Dragon Lee, ya ƙarasa wasan a haka, ya yi fiye da shekara yana jinya, ya dawo ya sake ɗaukar kambun a Janairun 2020, a taron da Liger ya yi ritaya. Ya lashe Best of the Super Juniors sau huɗu, kuma ya sha faɗa cewa ba zai bar ajin ba, burinsa shi ne ya rufe taron Tokyo Dome, babban taron kamfanin na 4 ga Janairun kowace shekara, yana matsayin mara nauyi. Sakayyar da ya samu ita ce a Janairun 2023 aka cusa kambun cikin wasan mutum huɗu a tsakiyar taro, kamar yadda aka yi a 2018, sannan a watan Mayu aka ba shi damar karawa da Sanada don kambun duniya, ya sha kaye kamar yadda zakaran marasa nauyi ya saba sha idan aka haɗa shi da na masu nauyi. Kambun nan bai taɓa rufe taron 4 ga Janairu ba, ko da a shekarun da aka raba taron kwana biyu aka samu gurbi na biyu.

Gyaran ba ya bukatar wani dogon nazari. A bar kambun a hannun mutum ɗaya shekara guda ko fiye, a daina wasan taron dangi a kansa a Tokyo Dome, kuma a sa zama a ajin ya zama abin da ɗan kokawa zai iya gina rayuwarsa a kai ba tare da ya ji an bar shi a baya ba. Da aka zaɓi Douki a 2024, abin da ya kamata shi ne a tsaya a kansa, a ba shi abokan karawa na gaske, a bar shi ya isa Janairu da kambun a ƙugunsa, sannan a sa wasansa a inda masu sayen tikiti za su gane cewa kamfanin da kansa ya ɗauki abin da muhimmanci.