Kafin ka sayi tsohuwar mota a Zariya, ka fara lissafin abincinta

Duk wanda ya tara 'yan kuɗi yana neman mota ta hannu, tambayarsa ta farko ita ce nawa ake sayar da Corolla ko EOD (wata ƙirar Honda Accord) yanzu. A ganina wannan ce tambayar da ya kamata ta zo ƙarshe. Kuɗin saye sau ɗaya ake biyansa, kuɗin riƙo kuwa duk wata yana nan yana jira, kuma shi ne yake ajiye motoci a ƙofar gida. Ka zaga Tudun Jukun, Gyallesu ko kwatas na Samaru, za ka gan su a lulluɓe da tamfol, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Masu su ba su rasa kuɗin saye ba, kuɗin ciyar da su suka rasa. Abin yana damuna, domin yawanci gumin shekaru ne, ko adashe, ko kuɗin gona da aka sayar.

Mu fara da mai, tunda tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi shi ne babban baƙo a aljihun mai mota. Kada ka yi lissafinsa da naira, ka yi da lita, domin farashi yana hawa yana sauka amma cikin motarka ba ya canzawa. Ɗauki wanda yake zaune a Samaru yana aiki a Kongo ko cikin birni. Zuwa da dawowa wajen kilomita 30 ne a rana, a kwanakin aiki 22 ya zama 660. Ƙara kai yara makaranta, cefane a kasuwar Sabon Gari, dubiya a asibitin Shika, ɗaurin aure, ta'aziyya, da tafiya Kaduna sau ɗaya, wadda ita kaɗai zuwa da dawowa ta kai kilomita 160. Ba wuya ka tarar da kanka a kilomita 1,000 a wata. Corolla mai inji 1.8 da ke da lafiya tana yin wajen kilomita 10 a lita a cikin gari, ka ga lita 100 ke nan. Camry ko Accord mai inji 2.4 wajen kilomita 8, lita 125. Mai fulogi shida kuwa, musamman in ana kunna AC, ka tanadi lita 150. Yanzu sai ka ninka da farashin gidan man unguwarku. In an ce lita naira 900 ce misali, Corolla ɗin nan da kowa ke yaba wa da rashin ci ta cinye 90,000, ta haura mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka tsayar a 2024. Ba a ko taɓa sifana ba tukuna.

Kuma kada ka ɗauki maganar dillali cewa "ba ta shan mai." Awon ba wuya: a cika tanki, a mai da awon tafiya na dashbod zuwa sifili, a yi yawo, a sake cikawa, a raba tafiyar da litar da ta shiga. In motar ta Amurka ce awonta da mil yake, sai ka ninka da 1.6 ka sami kilomita.

Bayan mai sai abin da ke zuwa a kan lokacinsa, ko mota ta lalace ko ba ta lalace ba. Juye duk kilomita 5,000, baƙin mai wajen lita 4 da filtarsa. Filtar iska, wadda ƙurar hunturunmu take toshewa da wuri, in ta toshe kuma mai ne zai biya. Birki. Batir, wanda zafin Maris da Afrilu ba ya barinsa ya daɗe, in ya yi shekara biyu ka gode Allah. Tayoyi huɗu. Takardu duk shekara: lasisin mota, takardar lafiyar mota, da inshora, wadda ta tashi daga 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023. Wanda ya ce zai yi yawo ba takardu a Jihar Kaduna, tsakanin KASTLEA da 'yan Road Safety, tara zai riƙa biya a maimakon sabuntawa. Ka haɗa waɗannan na shekara ka raba 12. Ma'aunin da nake ba mutane shi ne: ga motar da ta haura shekara 15, duk abin da kake zuba mata na mai a wata, ka ware rabinsa daban don juye, gyara da takardu. Wani watan ba za ka taɓa shi ba, wani watan kuma zai tafi gaba ɗaya har da na watanni uku baya. In mai da wannan ajiya suka haura kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke shigo maka, ra'ayina ka dakata. Abinci, haya da kuɗin makaranta ne za su cike giɓin, kuma iyali ne za su ji a jikinsu.

Kuskure mafi tsada shi ne a zuba duk abin da ke hannu a kan saye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsohuwar mota ba a cika sayar da ita a lokacin da take kan ganiyarta ba, sau da yawa mai ita ya hango babban gyara ne ya ce bari wani ya ɗauka. Saboda haka in kana da kuɗi kashi biyar, ka nemi motar kashi huɗu. Kason da ya rage na watanni ukun farko ne: sauya baƙin mai da man giya tunda ba ka san tarihinsu ba, aikin ƙafa, taya, la'adar dillali, canjin suna a takardu, da bel ɗin taimin in motar mai bel ce. A nan a kula sosai. Peugeot 406, Golf 3 da Honda mai fulogi shida bel suke amfani da shi, kuma a yawancin irin waɗannan injina in ya tsinke ana cikin tafiya fistin yana dukan bawul ya lanƙwasa su, gyaran 'yan dubbai ya koma sauke tof, wato buɗe saman inji. In ba ka da tabbacin ranar da aka canza shi, ka canza shi tare da famfon ruwa a makon farko. Corolla 2003 zuwa 2008, Camry mai 2.4 da Accord mai fulogi huɗu daga 2003 zuwa sama sarƙa suke da ita, wannan damuwar ba ta shafe su ba.

Ranar duba mota ita ce ranar da ake yanke rabin abin da za ka kashe a shekara mai zuwa. Ka tafi da bakanikenka, ka biya shi kuɗin ƙafarsa da kyau, kada ka yarda da wanda mai mota ko dillali ya kawo. Ka nemi a haɗu da sassafe kafin a tayar da ita, ka taɓa inji ka tabbatar da sanyi yake, domin inji mai ɗumi yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Kafin a tayar, a murɗa makulli rabi: fitilar inji, ta ABS da ta jakar iska dole su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, ana iya cire ƙwanta ne don a ɓoye matsala. A sa na'urar bincike a karanta abin da kwamfutar motar ta ajiye, kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Sai ka tsaya bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin inji yana ƙona baƙin mai, ringi ya gaji. Camry 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4, wadda ake kira Muscle, an san ta da wannan, don haka a yi mata duba biyu. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ko kumfa tana tasowa a bakin lagireto, ko ka buɗe murfin baƙin mai ka ga abu kamar kunu, gaskit ne ya ƙone, motar ta taɓa yin hita. Wannan ka bar ta kawai, sai dai in an rage maka kuɗin inji cikakke. Ka leƙa ruwan lagireto: in ja ne na tsatsa, ruwan rijiya aka daɗe ana zuba mata a maimakon ruwan sanyaya inji, kuma tsatsar tana cikin famfo da bututai. Ka lura ko fanka tana kamawa da zarar an murɗa makulli. In haka ne an haɗa ta kai tsaye, galibi kuma an cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji. Wannan al'ada ta yi yawa a garejinmu, kuma ina adawa da ita ƙwarai: inji ba ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, kwamfuta tana ta ƙara masa mai kamar bai ɗumama ba, ci ya ƙaru, inji ya tsufa da wuri. Sau da yawa ma an yi hakan ne don rufe wata hita da ba a gyara tushenta ba. A duba ƙarƙashi a ga ko "indomi" ɗin salansa, wato matatar hayaƙi, yana nan, domin ana cire shi a sayar, kuma maye gurbinsa ba arha.

Giya mai canza kanta ita ce abin tsoro na biyu bayan inji. Ka zaro sandar awon man giyar: ja mai haske lafiya, baƙi mai ƙaurin ƙuna kuwa giyabos yana kan hanya. Ka taka birki ka sa D ka sa R, kada ta jinkirta, kada ta buga. Gwajin zagaye layi ɗaya ba gwaji ba ne. Ka hau titin Kwangila zuwa Shika ko hanyar Kano, ta ɗumama sosai ta shiga duk giyoyinta, sannan ka sauka kan hanyar ƙasa ka saurari ƙafa. Ga masu son EOD da DC, wadda ita ma Accord ce, a ɗaga gaba a girgiza taya a duba boljoyin na ƙasa. Shi ne yake cirewa taya ta kwanta a tsakiyar titi, kuma kafin ya cire yana ba da alama da ƙara da nauyin sitiyari. Wannan maganar rai ce, ba ta kuɗi kaɗai ba. Haka taya: a gefenta akwai lamba huɗu, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta tsufa tana fashewa a zafin kwalta ko da zanenta bai cinye ba, balle in mai faci ya ɗura mata iska 50 alhali 30 zuwa 32 aka rubuta a jikin ƙofar direba.

Takardu kuwa ba a sassauci a kansu. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 dole ta zama ɗaya a jikin mota, a takardar kwastan da takardar mallaka. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, na goma a jerin yana faɗin shekara: 3 na nufin 2003, 8 na nufin 2008, A na nufin 2010. Da wannan za ka gane motar da aka canza wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekaru. A tantance takardar kwastan a ofishinsu kafin a biya, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a biya ta banki da sunan da ke kan takarda. Motar da takardarta ke da matsala, ranar da aka tsayar da kai a hanyar Abuja asarar duka kuɗin ce.

Game da wace mota, ni ba na duba kyau, bakanike da kayan gyara nake dubawa. Corolla, Vibe, Camry, Accord, 406 da Golf, kowane gareji daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada ya san su, kayansu kuma in ba a samu a nan ba akwai Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Tsohuwar babbar motar Jamus da ake sayarwa da arha, arharta ce gargaɗin: ƙaramin sensa zai ajiye ta mako uku ana jiran saƙo daga Legas. A 406 na fi natsuwa da mai giyar hannu. Tsakanin Beljiyam, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, da wadda aka yi amfani da ita a gida, Beljiyam ta yi tsada sosai tun faɗuwar naira a 2023, kuma ba kowace ce mai tsabta ba, akwai waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye a can. Ka ɗaga kafet ka sunsuna, ka duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru. Motar gida da ka san mai ita, ka san bakaniken da ke mata juye, sau da yawa ta fi baƙuwar da ba ka san tarihinta ba.

Ban ce kowa ya haƙura ba. Mai iyali da yawa, mai tsoho ko mara lafiya a gida, wanda aikinsa ke kai shi inda bas da Keke ba sa zuwa, mota a wurinsa buƙata ce, kuma ya cire abin da yake kashewa yanzu a kuɗin mota da acaɓa daga lissafin. Wanda nake jin tsoro a kansa shi ne mai cin bashi ya sayi tsohuwar mota, ana cire masa daga albashi, ranar da giyabos ya tsaya ya zama yana biyan bashin abin da ba ya tafiya, yana kuma biyan kuɗin Keke.

Ga gwajin da nake so kowa ya yi kafin ya kira dillali. Ka fitar da jimillar wata, mai da rabinsa, ka rage abin da kake kashewa a abin hawa yanzu. Abin da ya saura ka riƙa cire shi ranar da albashi ko ciniki ya shigo, ka ajiye inda hannunka ba ya kaiwa, wata uku a jere, kuma ka sa watan biyan kuɗin makaranta a ciki. In ka kai ƙarshe ba ka ci bashi ba, tukunyar gida ba ta ragu ba, to za ka iya riƙe motar, abin da ka tara kuma ya zama kuɗin gyaran farko. In a wata na biyu ka koma ka taɓa ajiyar, sai ka nemi mota mai ƙaramin inji ka sake lissafin, ko ka ƙara wata shida kana tarawa.