Garuwa ta waya

Mushenmu, wato malaminmu na makaranta, shi ne ya shigo da maganar, wai zamanin a gama karatu a zauna jiran aikin gwamnati ya wuce, kowa ya je ya yi tunanin sana'a ya zo ya tsaya gaban mutane ya tallata ta da bakinshi, wanda ya burge alƙalai akwai ɗan jari. Minti biyar kowane ɗalibi, kuma da Faransanci.

Ni dai ban sha wuyar tunani ba don duk ɗan Damagaram ya san ciwon garin nan ruwa ne. Gari ne a kan dutse, ka haƙa ka haƙa sai fa, har ana cewa ƙishirwa na cikin abin da ya sa Nasara suka kwashe babban birni suka mai da Yamai a 1926, yau kuma ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, su Arunguza da Ganaram, in bazara ta kama sai pampo ya koma yin tari cikin dare kana kwance kana saurare ko zai zo. Sai na ce to me zai hana mutum ya kira waya kawai ko ya turo saƙo a WhatsApp, ni in haɗa shi da mai garuwa mafi kusa, a kawo mishi bido, wato jarkar ruwa, har ƙofar gida, ni in ci dala biyu kan kowane bido. Na lissafa gidajen Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam a kaye, littafin rubutuna, wallahi kafin in kai Karkada na riga na sayi mota a takarda.

Kostim na ara wajen ɗan kawuna da ya yi aure bara, har da karabat, a watan Afrilu fa, zafi ya haura 40. Da na hau kabu-kabu mai mashin ya waiga ya ce "ango ina amaryar?" ban kula shi ba ina ta maimaita haddata.

Alƙalai uku ne, Mushe, wata madam ta banki, sai wani Alhaji ɗan kasuwar Dole da carbi a hannu, wanda tun da aka fara bai ce uffan ba, kallo kawai yake yi kamar mai taya akuya. Na fara lafiya lau, jimla ta farko ta fita sumul, ta biyu ma haka, ta uku ce ta tafi ta bar ni. Na dubi silin, na dubi takalmina, gumi na bin karabat, sai kawai na ji bakina ya ce "to jama'a abin dai ruwa ne." Aji ya kwashe. Mushe ya rufe ido ya ce in ci gaba da Hausar.

Amma ina da makami a ɓoye. Tun daren jiya na shirya da dattijon da ke kawo ma gidanmu ruwa, na ce Baba gobe ka tsaya bakin makaranta da kurarka, da na kira ka shigo da bido biyu, ya ce to. Sai na ɗaga waya sama na ce yanzu za ku gani da idonku, na buga na buɗe murya don kowa ya ji.

"Alo, wa ke nan?"

"Baba ni ne, a kawo ruwan."

"Af, ɗan gidan Hajiya ne? Yawwa gara da ka kira. Ka ce ma uwarka kuɗin bido tara na nan tun watan jiya, ni ba gwamnati ba ne. Kuma yau ko ɗigo babu, tun asuba nake layi."

Na yi ta danna waya in kashe, hannu ya jiƙe da gumi ta ƙi mutuwa, Baba kuwa ya ci gaba, har ya kai ga maganar bokitinshi da ƙanwata ta fasa. Madam ta banki ta sa kaye ta rufe fuska kafaɗunta na rawa.

Nan ne Alhaji ya aje carbi. Ya ce "Yaro, wayar na gani, kostim na gani. Ruwan daga ina?" Na ce daga wajen masu garuwa Alhaji. Ya ce "su kuma daga ina?" Na ce pampo. Ya ce "pampon da babu ruwa?" Ban san daga ina ƙarfin hali ya zo mini ba, wataƙila don mutuncin ya riga ya zube babu sauran abin karewa, na ce Alhaji ai shi ya sa ake biyana, ni zan san wane pampo ke zuba yau a wace unguwa. Ya ɗan kalle ni ya ce "wannan ita kaɗai ce maganar kasuwa da ka yi."

Wadda ta ci gasar ko tablo, wato allon aji, ba ta taɓa ba. Alkaki ta kawo cikin 'yan ledoji da lambar wayarta manne a jiki, ta ce tana saidawa tun tana aji uku, ga kuɗin alkama ga na suga ga riba, ta miƙa musu su ɗanɗana. Alƙali da baki cike ai ba ya tambaya mai wuya.

Sana'ar dai na fara ta a layinmu da gida huɗu, Baba ya yarda bisa sharaɗin in karɓo mishi bashinshi. Na je ma Hajiya da maganar a matsayina na shugaban kamfani, ta ce in fara biyan kuɗin wankin kostim ɗin mutane tukuna, sannan ta yi odar bido uku, bashi.